Makokin Baffa a Bayan Iyaka

Daga Allah muke, gare shi muke komawa, Baffa kuwa ya riga mu isa. Yayan mahaifina ne, kuma shi ne babban gidanmu tun da kakanmu ya kwanta dama. Ya cika da hantsi a shaƙƙar da yake haya, wato sashen gidan bene, a unguwar Kudai ta Makka, aka sallace shi a Harami bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa muka dawo. Ina rubuta wannan da Hausa duk da na san rabin jikokinsa sai an fassara musu, don Larabci ya riga ya cinye musu harshe. To, su nemi mai fassara. Shi dai da Hausa ya yi faɗansa, da ita ya yi wasansa.

Mun jera kujeru a bakin titi kamar yadda ake yi a garin nan, aka ja fitilu, samari suna zagayawa da gahawa. Mutanen tsohuwar unguwarmu Nakkasa suka yi ta zuwa, waɗanda rusau ya watsa mu da su, wasu ban sa su a ido ba tun ranar da aka shafa wa gidajenmu fentin alamar rusau. Duk mun tsufa, mun gaji, gaisuwar ma a taƙaice ake yin ta. Wani dattijo Basakkwace ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, katangad da Baffanka yay yi mani, wallahi katafila sai da taj ja baya tas sake shiri." Wani lebura ɗan Nijar ya zauna a ƙarshen layi yana share hawaye da gefen rawani, ya ce ya daɗe yana cin abincin rana a inuwar Baffa, ba a taɓa tambayarsa daga ina yake ba. Limamin tsohon masallacinmu ya yi addu'a mai tsawo, da ya shafa sai ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma fa ya yi taurin kai." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, har da 'ya'yan mamacin.

Sai dai kusan kowane tsoho, in ya gama gaisuwa, sai ya sassauta murya ya tambaye ni, "An gaya wa Kwaransa?"

Kwara shi ne sunan da kakanninmu suka zo da shi daga Kano ga mutumin Lubnan. Kwaran Baffa wani tsoho ne mai sassaƙa dutse a Jidda, Kirista, wanda a hannunsa Baffa ya koyi sana'a tun suna da ƙarfinsu. Mu Mu'allim muke ce masa. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aure can Kanada, shi kuwa ya zauna a ɗan shagonsa na sara dutse don bai san inda zai koma ba. Ni na kira shi na gaya masa, tunda abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ya ce, "Ya ibni, ɗana, ina so in zo in yi muku gaisuwa." Kafin in sami abin faɗa ya riga ni. "Na sani. Na san allon nan tun kafin a haife ka."

Allon da yake nufi shi ne na hanyar Jidda, kusa da shingen Shumaisi, inda hanya ta rabu: Musulmi ya miƙe zuwa Makka, wanda ba Musulmi ba ya karkata. Mu'allim ba zai iya zuwa inda muke zaune ba. In zai yi gaisuwa, sai dai mu mu kai masa makokin. Zaman kuwa kwana uku ne, in ya wuce an naɗe kujeru, an gama.

Da na kawo maganar a gida, na ce mu same shi a gidan man da ke bayan shingen, mahaifina ya ajiye finjalin gahawar da ke hannunsa. "Mu kwashi makokin yayana mu kai gidan mai?" in ji shi. "Aibu ne wannan. Ina aka taɓa yi? Mai gaisuwa shi ke zuwa. Ya yi ta waya, halas." Babban ɗan Baffa, wanda ya san duk hanyoyin bayan duwatsu, ya ce abin ai mai sauƙi ne, a sa wa tsohon farar riga da hula a shigo da shi, wa zai duba ɗan tsoho? Baba ya harare shi, ni ma na harare shi. Wannan shawarar an taɓa kawo wa Baffa ita yana da rai, amsar da ya bayar kuwa kowa ya san ta: "Harami ba gidan ubana ba ne da zan buɗe ƙofar baya." Aka tashi ba a yanke komai ba, rana ta farko ta tafi.

A unguwar Tandabawi ta Makka aka haifi Baffa. Kakanmu da ƙafa ya zo hajji, ya yi shekaru a hanya, da ya iso bai ga dalilin komawa ba. Baffa ya taso bai son karatu, bai son ciniki, sai aka tura shi Jidda leburanci. Nan ya faɗa hannun Mu'allim, wanda yaƙin basasa ya koro daga ƙasarsu. Baffa yakan ce watansa na farko zagi kawai ya koya. Daga baya ya koyi yadda ake juya dutse a ga fuskarsa, da yadda ake jera shi ya riƙe kansa ko ba siminti, irin katangun da mutanen Lubnan ke tare gonakinsu da su a jikin tsauni. Da ya dawo Makka ya tarar da aikin yana jiransa, don Nakkasa duk gangare ce, gida bisa kan gida, ruwan sama in ya zo sai ya tafi da ɗakin mutum. Baffa ya yi ta tare gangaren nan katanga bayan katanga har gashinsa ya yi fari.

Ba ya wuce bango bai ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa ba. Ko gidan biki aka je sai ya yi, in ya ji abin da bai gamshe shi ba ya ce, "Biskit." Bulon siminti duk biskit ne a wurinsa, maginin zamani kuwa mai toya biskit. In aka ce masa mai haƙuri yakan dafa dutse, sai ya ce shi dai ya sara ya gaji, bai taɓa ganin romon ba. Yana da saurin fushi, yana da saurin mantawa, abin da ya fi ba mu haushi ke nan, don kai kana nan kana kumburi shi ya aiko a kira ka shan shayi.

Duk Alhamis bayan la'asar yakan fita bayan iyaka. Akwai wani mai shayi a gefen gidan mai, gaba da shingen kaɗan, nan suke haɗuwa da Mu'allim. Inna, matar Baffa, takan ba shi dambun nama ya kai, shi kuma ya dawo da zaitun da za'atar, wanda Baffa ke kira garin ciyawa amma ya cinye shi tas. Da ƙafafunsa suka fara ciwo ni na zama direbansa, tunda tuƙi ne sana'ata, bas nake ja tsakanin Kudai da Harami. Ba don Allah na fara ba, don tsoron bakinsa ne. A teburin mai shayin nan na ji tarihin Lubnan, guntu-guntu, rabi daga bakin mai ƙasar, rabi daga bakin Baffa a hanyar dawowa, don shi sai ya sake ba ka labarin da ka ji da kunnenka.

"Ƙasar fa tsawonta bai kai nan da Madina ba," in ji Baffa, "amma wahalar da ta sha ta ishi ƙasa goma." Mutanen Mu'allim Kiristoci ne tun kafin zuwan Musulunci. Waɗanda suka fara korarsu ma Kiristoci ne 'yan'uwansu, kan saɓanin aƙida, sai suka hau tsauni. Daga baya sarakunan Masar na da suka bi su har can, suka shige kogunan wani kwari mai zurfi, nan suka yi ta ibadarsu suna sassaƙa gona a jikin dutse. Zamanin Turkawa an ƙona musu ƙauyuka. Lokacin babban yaƙin duniya kuma aka toshe hanyoyi, fara ta sauka, yunwa ta kashe na kashewa. Kakar Mu'allim ta ba shi labarin yadda suka tafasa ciyawa suka ci, da yadda aka daina kaɗa ƙararrawa in an yi mutuwa don mai kaɗawar ba shi da ƙarfi. Sannan yaƙin da ya koro shi, inda ake tare mota a karanta addinin mutum a katin shaida a yanke masa hukunci.

Mu'allim bai taɓa wanke nasa ba. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Namu ma sun tare hanya, ya Hajji. Namu ma sun shiga unguwar mutane. A ƙasarmu kowa ya taɓa zama rago, kowa ya taɓa zama mahauci." Baffa ba ya son wannan zancen, yakan tura masa faranti ya ce ci dai.

Akwai abin da Baffa bai taɓa ba ni labarinsa ba, a wurin Inna na ji. Suna tsakiyar wani aiki a Jidda labari ya iso cewa an shiga ƙauyen su Mu'allim a kan tsauni, an kashe mahaifiyarsa da ƙanensa, an rushe gidaje har da cocin. Ba hanyar zuwa, ba gawa, ba kowa nasa a kusa. Mu'allim ya zauna a kan tarin yashi ya kasa tashi. Baffa ya sallami leburori, ya aro kujeru daga wani shago, ya dafa gahawa, ya bi masu aikin gine-ginen kusa ɗaya bayan ɗaya, Yamalawa da Misirawa da Hausawa, ya ce mu'alliminsa an yi masa rasuwa, ku zo ku gaishe shi. Wasu suka zo, wasu suka ce ba a yi wa Kirista. Ya ce wanda bai iya ba ya wuce, ba a dole. Ya kwana uku bai dawo Makka ba. Da ya dawo mahaifina ya tare shi da faɗa, ya ce ya zubar da mutuncin gida, Baffa kuwa ya ce mutuncin da gahawa za ta zubar gara ya zube. Daga ranar Baba bai ƙara ambaton sunan Mu'allim ba, sai dai ya ce "mutumin yayana".

Su biyun ma sun taɓa ɓatawa, ina wurin. Lokacin an fara raɗe-raɗin rusau, Baffa ya damu ƙwarai, ba don gidan ba, don Mu'allim bai taɓa ganin ko katanga ɗaya da ya gina ba. Hoto bai ishe shi ba, so yake malaminsa ya ƙwanƙwasa da yatsa. Ran nan ya ajiye kofi ya ce, "Mu'allim, mun tsufa. Kalma biyu ce. Ka faɗa, ka tsira gobe, yau kuma in ɗauke ka ka ga aikina kafin a rushe." Da zuciya ɗaya ya faɗa, na ga idonsa ya kawo ruwa.

Mu'allim ya ce, "Ya Hajji, kakannina sun shiga kogo a kan wannan. Sun ci ciyawa. Uwata ta mutu a bakin ƙofarta ba ta saki ba. Ni in zo in ajiye shi a bakin shinge don in ga katanga?"

"Katanga ka ce?" in ji Baffa. "Aikin raina kake kira katanga?"

"Kai ma addinin uwata kake kira kalma biyu."

Baffa ya tashi ya shiga mota, ya bar dambun a kan tebur. Watanni bai fita ba, Alhamis ta zo ya zauna yana neman wanda zai yi wa faɗa, mu kuwa muka sha. Cikin watannin nan aka rushe Nakkasa ta wajenmu. Baffa ya tsaya daga nesa yana kallo har ƙura ta lafa. Alhamis ɗin da ta biyo ya ce in tayar da mota. Ban san ko sun yi waya ba, mun dai tarar da Mu'allim a teburin. Baffa ya zauna ya ce, "An rushe." Mu'allim ya ce, "Na ji." Can ya ƙara, "Namu ma da hannu aka gina su." Suka sha shayi. Ba wanda ya ba wani haƙuri, ba kuma wanda ya sauka daga kan bakansa. Har Baffa ya bar duniya yana roƙa wa Mu'allim shiriya a sujada, ya kuma gaya masa yana yi. Shi ma Mu'allim ya ce yana kunna masa kyandir a gida, Baffa ya ce ya daina ɓarnar kyandir.

Bayan rusau Baffa bai ƙara zama daidai ba. Shaƙƙar Kudai hawa na uku ce, bangonta biskit, taga tana kallon tashar bas. Yakan ce kakanmu ya bar Kano, Mu'allim ya bar tsauninsa, shi kuwa bai je ko'ina ba amma garinsa ya tashi ya bar shi. Na gaji da hawa da shi da sauko da shi, ba zan ɓoye ba, wani lokaci har addu'a nake Alhamis ta zo da uzuri. Yanzu ga Alhamis ɗin nan sun zama nawa, ban san abin da zan yi da su ba.

A rana ta biyu ta makoki Inna ta aika a kira mahaifina. Tana cikin takaba, ba ta fita, ta yi masa magana daga bayan labule ina tsaye. Ta ce, "Alhaji, na ji abin da ka yanke."

"Yaya, ba ƙiyayya ba ce. Mutane za su yi magana."

"Mutane sun yi magana a kan yayanka tun yana saurayi, bai rame ba. Ni na yi shekara da shekaru ina dafa wa bawan Allahn nan abinci, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Da ba takaba da ni zan je. Zumunta a ƙafa take, shi kuwa an ɗaure tasa ƙafar. Taku fa, wa ya ɗaure?"

Baba ya ce zai tambayi liman. Liman ya ce bai san abin da ya hana karɓar gaisuwar maƙwabci ba, balle a wajen Harami, a dai dawo kafin magariba don masu zuwa. Baba ya dawo yana gunaguni cewa malaman yanzu komai sai su ce babu laifi. Bai ce za shi ba, bai ce ba za shi ba.

Rana ta uku bayan la'asar muka ɗora kujeru kaɗan a bayan motar ɗaukar kaya, da butar gahawa da dabino. Ni da 'ya'yan Baffa maza, da dattijon nan Basakkwace da ya ce ko a kan kujerun ne sai an tafi da shi. Na tayar da mota ke nan Baba ya sauko, ya buɗe gaba ya zauna. Ya ce, "Ba don shi zan je ba. Don kar a ce yara sun je ba babba."

Mu'allim ya riga mu zuwa, motar haya ta kawo shi. Yana tsaye a gefen mai shayin da baƙaƙen kaya cikin zafin nan, ya dogara da sanda, ya rame fiye da yadda na bar shi. Muka sauke kujeru a inuwar bango. A al'adar garin nan masu makoki sukan tsaya a jere, babba a farko, mai gaisuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dafa kafaɗa yana cewa azzamallahu ajrakum, Allah ya girmama ladanku. Muka jeru, Baba a gaba. Mu'allim ya tako a hankali ya tsaya a gabansa. Ba su taɓa haɗuwa ba. Ya ɗaga hannu zai dafa kafaɗar, sai ya tsaya yana kallon fuskar, don Baba da Baffa kamar an tsaga kara. Baba ya kama hannun ya ɗora a kafaɗarsa da kansa.

Da ya gama bin layi muka zaunar da shi, aka zuba masa gahawa. Ya tambaya ko Baffa ya sha wuya, muka ce a'a. Ya tambaya ta ina kabarin yake. Baba ya nuna masa da hannu, ta bayan wasu duwatsu da suka tare gari. Mu'allim ya juya kujerarsa ta wajen, ya zauna yana kallon duwatsun. Manyan motoci suna ta wucewa, masu miƙewa da masu karkata.

Muna shirin tashi sai wani direban babbar mota, Basudane, da ya tsaya shan mai, ya hango kujeru da butar gahawa ya gane abin da ake. Ya goge hannunsa a riga ya nufo mu, kamar yadda kowane mai wucewa yake yi. Muka miƙe muka sake jeruwa. Mu'allim ya ja sandarsa zai koma gefe ya ba mu wuri. Direban ya tsaya yana duban mu, baƙaƙe a jere da farin tsoho ɗaya a rakuɓe, ya ce, "Su wane ne masu rashin?"

Baba ya miƙa hannu ya kamo hannun rigar Mu'allim, ya jawo shi ya tsayar da shi a farkon layi, gaba da kansa.

"Fara da wannan," in ji shi. "Mu muna da juna. Shi duk ƙasar nan ba shi da kowa sai wanda muka binne."

Direban ya dafa kafaɗar Mu'allim ya yi masa gaisuwa, tsohon ya sunkuyar da kai ya amsa, sannan kukan da ya riƙe tun zuwanmu ya ƙwace masa. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Muka tsaya a layin har ya gama.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabarinsa, ya yafe masa zafin zuciyarsa, mu kuma ya ba mu ƙarfin ɗaukar abin da ya bari. Mun iso Kudai ana kiran magariba, masu gaisuwa sun fara taruwa. Da zan kashe mota Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, in tambayi tsohon ko yana da mai kai shi asibiti in ya tashi da ciwo.